Tsakuwar Matsarmama Ga Mai Juna Biyu: A Yi Tiyata Ko A Jira Haihuwa?

Mata da dama suna yi mini wannan tambaya, kuma tsoronsu ɗaya ne: kada maganin sa barci ya taɓa ɗan da ke ciki. Magungunan da ake amfani da su yau, a ma'auninsu, ba a same su da nakasa jariri ba. Haɗarin tiyata shi ne ɓari ko naƙuda kafin lokaci, shi ya sa likitoci suka fi son yin ta tsakanin mako na 14 da na 27, lokacin da gaɓoɓin jariri sun ginu kuma mahaifa ba ta cika ciki ba.

Jira ya fi sauƙi a aljihu da farko: rage maiƙo, maganin ciwo, zuwa asibiti a kai a kai. Sai dai ciwon yakan dawo, kuma idan tsakuwar ta toshe hanyar ruwan matsarmama, zazzaɓi da shawara su biyo baya, haɗarin ya fi na tiyatar. Wannan ne ya fi damuna.

Wadda ciwonta bai tsananta ba, ko haihuwarta ta kusa, jira ya dace da ita. Wadda ciwon ke ta dawo mata, ko matsarmamar ta kumbura, tiyata ta fi mata.