Gidan Tarihi na Orsay: Inda Ake Ganin Manet Tsakanin Zamani Biyu

Wanda yake so ya fahimci yadda zanen Faransa ya tashi daga kwaikwayon zahiri zuwa zanen haske da launi, Orsay a birnin Paris ne wurin zuwa. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce ta 1900, aka mai da ita gidan tarihi a 1986. Ana rufewa ranar Litinin. Sauran ranaku daga 9:30 na safe zuwa 6 na yamma, ranar Alhamis kuma har 9:45 na dare, kuma daren Alhamis ɗin ya fi sauƙin cunkoso. A sayi tikiti ta intanet a zaɓi lokacin shiga, don layi kan yi tsawo.

Kuskuren da yawancin masu ziyara ke yi shi ne su wuce kai tsaye hawa na biyar wurin Monet da Renoir, masu zanen haske da launi. Wanda ya yi haka ya ga 'ya'ya bai ga iyaye ba. A fara daga ƙasa, wurin Gustave Courbet. Zanensa na jana'iza a ƙauyen Ornans ya haura mita shida a faɗi: talakawa da girmansu na gaske, launuka masu duhu, inuwa tana shiga haske a hankali. Da wannan a ido sai a je gaban Olympia ta Édouard Manet, hoton wata mace a kwance, mai hidimarta na riƙe da furanni, wadda ya zana a 1863, ta tayar da ƙura a Salon, babban baje kolin zane na hukuma, na 1865. Batun har yanzu na zahiri ne, amma hannun ya sauya. Manet ya zubar da inuwar tsaka-tsaki, fari ya yi karo da baƙi ba sasantawa, jikin ya zama kamar an shimfiɗa shi. Furannin da ke hannun mai hidimar, idan aka matso kusa, shafe-shafen buroshi ne kawai. A ja baya taku uku sai su zama furanni. Abin da matasan masu zane suka ɗauka daga wurinsa ke nan. (Mai zuwa da yara ya sani akwai tsiraici a wannan zanen da kuma wani na Manet na cin abinci a kan ciyawa.)

Wancan na ciyawar, wanda aka ƙi karɓa a Salon na 1863 har ya ƙare a baje kolin zanukan da aka kora, yana sama tare da na su Monet. Rabuwar nan tana sa a yi ta hawa da sauka, amma tana da ma'ana. A sama ne za a lura Manet bai taɓa sakin baƙin launi ba, alhali abokansa suna gudunsa. Hoton mai zane Berthe Morisot da ya yi a 1872 kusan duk baƙi ne, kuma yana ƙyalli. Bai kuma shiga baje kolinsu na 1874 ba, ko waɗanda suka biyo baya. Ƙaramin zanensa na bakin teku na 1873 kuwa a waje ya yi shi, har yashi ya maƙale a fentin.

Awa uku sun isa wannan zagaye. Zanen mashaya da Manet ya yi a 1882 yana Landan, na fitowar rana na Monet kuma yana gidan tarihi na Marmottan, don haka kada a ɓata lokaci nemansu a nan. Ana kuma ba da aron zanuka, sai a duba shafin gidan kafin a tafi.