GARGAƊI: Mai tallar rediyon mota a Facebook ya cinye min naira 220,000

Assalamu alaikum jama'a. Naira 220,000 wani mutum ya karɓe min a kan rediyon mota na bogi, kuma yanzu haka da nake rubutun nan tallarsa tana nan tana yawo a Facebook: rediyo mai allon inci 9, an rubuta amsa kira ba sai ka riƙe waya ba, garanti shekara ɗaya. Naira 220,000. Ku karanta kafin wani ya tura masa ko sisi.

Ni ɗan kasuwa ne, kullum ina kan hanyar Kano zuwa Zariya da Kaduna, wayata kuma ba ta hutawa, masu kaya, yaran shago, gida. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a riƙe sitiyari da hannu ɗaya a tsakanin tireloli, ga 'yan Road Safety ba sa ƙyale wanda suka gani da waya a kunne. Buƙatata guda ce: in haɗa wayata da rediyo ta Bluetooth, kira ya shigo in danna, in ji mutum ta lasifikar mota, shi ma ya ji ni. Shi ke nan.

Kada wani ya zo min da zancen "me ya kai ka yarda". Duk abin da mai hankali zai yi na yi. Ban tura kuɗi daga ganin hoto ba. Ni na ce sai mun yi kiran bidiyo ta WhatsApp, ya ce to Alhaji, ba damuwa. Ya nuna min shago, kwalaye jere har sama, ya ɗauko ɗaya da tambarin wani babban kamfanin Japan, ya jona da batir a kan tebur, ya haɗa wayarsa, ya sa ƙira'a ta fito ras. Na ce ba ƙira'a na zo saya ba, kira nake son gani. Ya sa yaronsa ya fita waje ya kira, na ji muryar yaron ta lasifika da kunnena, shi kuma ya tsaya nesa da rediyon yana amsawa. Da kunnena na ji. Muna cikin haka aka kira La'asar, ya ce, "Alhaji ka yi haƙuri, bari in yi salla in dawo, ciniki ba ya gudu." Wallahi maganar nan ita ta gama da ni. Har yau in na kwanta ita nake ji: bari in yi salla in dawo. Wane Musulmi ne zai ji haka daga bakin ɗan'uwansa, da Hausa garau, ya kawo damfara a ransa? Ashe kura ce da fatar akuya.

Na tura 185,000 kuɗin rediyo, da 15,000 kuɗin mota daga Legas. Af, kafin nan ma, lokacin da ya ba ni lambar asusu na ga sunan ba nasa ba ne, kuma na tambaya, ban yi shiru ba. Ya ce na yayansa ne, shi ne mai shagon. A kasuwa wannan ba baƙon abu ba ne, ni kaina yarana suna karɓar kuɗi ta asusuna. Sauran 20,000 ɗin daga baya ne, bayan ya ce kaya na tasha, ko kuwa tun kafin ya kai tashar ne, rasit ɗin zai nuna. Ya kira ya ce ya manta bai faɗa min ba, makirufon da ake maƙalawa kusa da madubin gaba da wayar da ke haɗa maɓallan sitiyari daban ake sayar da su. Na ce ai don kiran nake sayen rediyon gaba ɗaya. Ya ce shi ya sa ya tuna min, don amana. 185,000, da 15,000, da 20,000. Ku haɗa da kanku.

Kwali ya iso, na kai wa mai wayarin ɗin da ke min aiki a Ƙofar Ruwa. Ya cire rediyon Corolla ta na asali, wanda lafiyarsa ƙalau, ya ɗaura wannan. Allo ya kawo, waƙa ta tashi. Na kira gida. Ina jin maiɗakina tana "hello, hello, waye", ita ba ta jin komai. Muka sake, haka. Makirufon 20,000 ba ya cikin kwalin, wayar sitiyari ba ta ciki. Mai wayarin ya ɗauko nasa makirufon ya soka a ramin da ke bayan rediyon, shiru. Da ya kwance murfin ya ce, "Yallaɓai zo ka gani." Ramin yana nan, amma ta ciki ba a haɗa shi da komai ba. Kwalliya ce kawai.

Shi ya bayyana min cewa Bluetooth hanya biyu yake bi a mota. Ta waƙa daban, ana ce mata A2DP, sauti ne ke tafiya daga waya zuwa lasifika. Ta kira kuma HFP, ita dole sai da makirufo mai aiki da zai mayar da muryarka cikin waya. Saboda haka don rediyo ya buga waƙa ba shi ke nuna zai yi kira ba. To wanda na gani a bidiyon fa? Ya ce wani ne daban, na gwaji, ba shi aka sako min ba. A kwali an rubuta RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, cikin saitin rediyon ma haka yake nunawa. Ya saka manhajar CPU-Z mai nuna ainihin abin da ke cikin na'ura, sai ga RAM ɗin 1GB ne. Har lambobin cikin saiti sun gyara don su yaudari mutum. Tambarin kamfanin kuwa sitika ce, da farce ya ɓare ta a gabana.

Na kira mutumin, ya ce mai wayarina ne bai iya aiki ba. Na tura masa hoton cikin rediyon, ya ce a maido zai canza, amma in fara turo 15,000 kuɗin mota. Wata 15,000 kuma, bayan 220,000! Da na ce sai dai ya dawo min da kuɗina, ya toshe ni a WhatsApp, layin kuma kullum a kashe. Na je banki na shigar da ƙorafi, ina kuma shirin kai ƙara wajen 'yan sanda da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Abin da ya fi ƙona min rai, tun kafin kaya su iso na ba maƙwabcina lambarsa, na ce masa mutumin kirki ne, mai salla ne. Allah ya taimaka bai riga ya tura ba. Da wane ido zan kalle shi?

Kada ku biya kuɗin rediyon mota sai an ɗaura a motarku kun kira wani ya ce yana jin ku. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku tsaya.

Hotunan hirarmu, rasit uku na banki, hoton cikin rediyon da na sitikar, duk suna wajena, zan saka su da zarar na gama da 'yan sanda. Wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya yi min magana mu haɗa ƙara. 220,000 gumina ne, kuma ban yafe ba.