LinkChecker: manhajar da nake bi da kwasa-kwasai kafin su shiga filash

Aikina haɗa kwasa-kwasan koyo a kwamfuta, a zuba su a filash ko katin memori, a kai wa ɗaliban da ba su da intanet. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki shi ne mahaɗin (link) da ya mutu: ɗaliba ta danna darasi na gaba, shafi ya fito fari fat, kuma babu hanyar aika mata gyara. Wannan ne ya kai ni ga LinkChecker.

Manhaja ce ta kyauta, da Python aka rubuta ta, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Ka nuna mata shafin farko, wato index.html, sai ta bi kowane mahaɗi daga shafi zuwa shafi, ta leƙa hotuna da fayilolin CSS masu tsara kamannin shafi, ta kawo maka jerin waɗanda suka karye. Abin da ya fi burge ni, tana faɗin shafin da mahaɗin yake da lambar layinsa, ba sai ka yi ta lalube ba. Ina fitar da rahoton a CSV in buɗe a Excel, in bi ɗaya bayan ɗaya.

Ta ƙware wajen kama adireshin da ke nuni ga kwamfutar marubuci, irin wanda ya fara da C:\Users. Amma fa sai ka gwada a wata kwamfutar daban, domin a ta marubucin fayil ɗin yana nan daram, za ta ce lafiya lau. Haka nan fayilolin da sunansu ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, waɗanda wani lokaci sukan rikiɗe idan aka matse su cikin zip aka warware da wata manhajar. Ni yanzu na hana irin waɗannan sunaye gaba ɗaya, har da sarari a tsakiyar suna.

Inda ake yaudaruwa shi ne mahaɗan waje. Yadda ta zo, ba ta bin su sai ka ƙara mata --check-extern. In ka ƙara kuma kana kan intanet, bidiyon YouTube da ke cikin darasi da haruffan Google Fonts duk za su ci jarrabawa, alhali su ne farkon mutuwa a hannun ɗalibi. An gina ta ne don shafukan intanet, a wurinta mahaɗin da ya amsa lafiyayye ne. Saboda haka nakan kashe Wi-Fi, in zare wayar intanet, sannan in saka wannan umarni. Duk abin da ke dogaro da waje sai ya fito a jerin kurakurai, in ɗauko shi in saka cikin foldar kwas ɗin, ko in cire shi. Ban yarda da rahoton da aka fitar da intanet a kunne ba, ko waye ya kawo mini shi.

Akwai kuma batun manya da ƙananan haruffa. Windows ba ta bambanta Hoto1.JPG da hoto1.jpg, Linux kuwa tana bambantawa. In kwas ɗin a kan ƙaramar saba irin Raspberry Pi zai zauna, gwajin da aka yi a Windows ba ya wadatarwa. A yi shi a Linux.

Raunin da ba ta da maganinsa shi ne JavaScript, yaren da ke sa abubuwan cikin shafi su yi aiki a burauza, domin ba ta sarrafa shi. Yawancin manhajojin haɗa kwas na zamani da shi suke gina maɓallai da tambayoyi, sai ta ga shafi ɗaya ko biyu ta ce ta gama. A nan dole ka buɗe kwas ɗin a burauza, ka danna F12 don buɗe allon da ke nuna kurakurai, ka bi darussa da hannu kana lura da kuskuren rashin samun fayil, irin 404. Ba kuma ita za ta faɗa maka cewa imsmanifest.xml, fayil ɗin da ke bayyana abin da ke cikin kunshin SCORM (tsarin ƙunshe kwasa-kwasan kwamfuta a zip), ya shige cikin wata folda ba, maimakon ya zauna a saman zip ɗin inda ake nemansa. Mahaɗan da ke kai mutum tsakiyar shafi, masu alamar #, sai ka kunna AnchorCheck a fayil ɗin saiti kafin ta duba su, kuma a ganina da kamata ya yi ya zo a kunne.

Sabon shiga zai ɗan sha wuya da rubuta umarni a baƙin allo, ko da yake umarni biyu ko uku sun ishe shi. Ga kwas na HTML zalla ina ba da shawararta babu ja. Ga wanda aka gina da JavaScript, ina amfani da ita don hotuna da fayilolin PDF da take iya gani, sauran kuma in bi da hannu a na'ura irin wadda ɗaliban za su riƙe.