Ajin koyon haɗa man hammata a Agege: abin da na gani bayan wata uku

Tun da aure ya kawo ni Legas, babu abin da ya sauya mini tsarin kula da jiki kamar zufar garin nan. A Zariya inda na tashi mutum yakan yi gumi iska ta busar da shi, amma a nan iskar kanta jiƙe take da damshin teku, ta yadda gumin da ya tsatso wa mace cikin hijabi a tashar Oshodi da safe zai raka ta har ta koma gida. Na daɗe ina amfani da rol-on na kanti, sai dai yana bar mini tabo a hammatar riga, kuma kuɗinsa kullum gaba yake yi. Wannan ne ya sa da wata maƙwabciyata a Idi-Araba ta ba ni labarin wata Hajiya da ke koyar da haɗa man hammata na gida a Agege, na biya kuɗin ajin na yini ɗaya, wanda bai wuce kuɗin kwalaben rol-on huɗu ba, har da kayan haɗin da mutum zai tafi da su. Na jinkirta rubuta ra'ayina har sai da na yi wata uku ina shafa abin da na koyo, ciki har da Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Legas yake kai wa maƙura.

A tsakar gidanta ake yin ajin, ƙarƙashin rumfa, mu tara ne a ranar, kuma an fara a kan lokaci. Abin da ya fara burge ni shi ne Hajiya ba ta ɓoye awo ba, alhali da yawa daga masu irin wannan sana'a sukan rage wani abu domin a riƙa komawa wurinsu. Ta auna komai a gabanmu da cokalin cin abinci: man kaɗanya cokali 3, man kwakwa cokali 2, kakin zuma cokali 1, garin sitaci cokali 3, bekin soda cokali 2, sannan ɗigo kaɗan na man ƙamshi. Ba a ɗora mayukan a wuta kai tsaye; a kwanon silba ake zuba su, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi har su narke, a sauke, a zuba garin da aka tankaɗe ana juyawa, man ƙamshi kuma sai a ƙarshe, bayan haɗin ya fara hucewa, don kada zafi ya kore ƙamshin.

Inda kuɗina ya halatta mata shi ne bayanin kakin zuma. Yawancin haɗin da ake gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka tsara shi, kuma sun dogara da man kwakwa wajen daskarar da shi. Man kwakwa kuwa yana narkewa da zarar zafi ya kai digiri 24, Legas kuma da rana takan haura 30, wato wanda ya bi wancan tsari a nan ruwa zai tarar a cikin gwangwaninsa, garin ya kwanta a ƙasa mai ya taso sama. Kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, shi ya sa cokali ɗaya ya isa ya riƙe haɗin ko da babu wutar lantarki kwana biyu. Ta kuma nuna mana cewa man kaɗanya, wanda Yarabawa ke kira ori, yakan yi tsaki-tsaki kamar yashi idan aka bar shi ya huce a hankali, don haka a tsoma gindin gwangwanin cikin ruwan sanyi da zarar an zuba. Na gwada hanyoyin biyu a gida, kuma maganarta ta tabbata. Nata man kaɗanyar daga jihar Neja ake kawo mata, fari ne mai laushi, ba ruwan ɗorawar nan da ke rina tufafi ba.

Dalilin da ya sa haɗin yake aiki ma ta faɗe shi daidai, duk da cewa a gurguje ta wuce. Gumi a karan kansa ba shi da wari. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar hammata ne suke cin maiƙo da sinadaran da ke cikinsa su fitar da tsamin da muke ji. Soda tana sauya yanayin fatar ta yadda ƙwayoyin ba za su sake ba, sitaci yana shan ɗan damshi, mai kuma yana ɗaukar su ya manna a fata. Gashi yana tara gumi da ƙwayoyin tare, kuma a nan ta tunatar da mu cewa cire gashin hammata sunna ce da ba a so ta wuce kwana 40.

Makon farko na ji daɗi ƙwarai. Nakan shafa ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake bayan wankan asuba, in shiga danfo zuwa wurin aiki, in dawo da la'asar babu wari. Amma wajibi ne in faɗi abin da ba a faɗa mana a fili ba: wannan man ba ya hana zufa. Rol-on mai hana gumi yana ɗauke da gishirin alminiyam wanda ke toshe bakin ƙofofin gumi na ɗan lokaci, na gida kuwa wari kaɗai yake kashewa. Duk wadda take sa ran ta fita biki da leshi mai haske ta dawo hammata a bushe za ta ji kunya. Ni kaina sai da na koma sa 'yar shimi ta auduga a ciki, na kuma koyi jira na minti biyar kafin in sa riga, domin maiƙon yana taɓa yadi.

A mako na biyu ne matsalar ta fito. Hammatata ta fara ƙaiƙayi, sannan raɗaɗi, musamman ranar da na yi aski, daga baya wurin ya yi ja ya soma duhu. Na kira Hajiya, ta amsa da fara'a, ta ce, "Ƙanwata, kada ki damu, gubar rol-on ce take fita, ki daure mako biyu." Wannan amsa ita ce babban aibin da na gani a hidimarta, domin ba gaskiya ba ce, kuma tana iya cutar da wadda ta yarda da ita. Hanta da ƙoda ne suke tace guba a jiki, ba hammata ba. Abin da ya same ni ƙunar soda ce: fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5, soda kuwa kishiyar tsami ce, tana haura 8, kuma idan aka riƙa goga ta kullum a wuri mai laushi da zafi da damshi, sai ta cinye garkuwar fatar. A baƙar fata irin tamu kumburi yakan bar tabo mai duhu da ke ɗaukar watanni kafin ya washe, kuma abin takaici shi ne mata da yawa gudun baƙin hammata ne ya kai su ajin tun farko. Na dakata kwana goma ina shafa man kaɗanya zalla har wurin ya lafa, sannan na sake haɗi da rabin cokalin soda maimakon 2, na ƙara sitaci. Tun daga nan ban sake jin raɗaɗi ba, ko da yake a ranar da na daɗe a kasuwar Mile 12 sai na goge na sake shafawa da azahar.

Akwai magana ta biyu da ban yarda da ita ba. A cikin kayan da ta ba mu har da dunƙulen alimun, wanda wasu ke kira alif, irin wanda ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta, kuma ta gabatar da shi a matsayin mafita ga masu gudun alminiyam. Alimun kuwa shi kansa gishirin alminiyam ne da fotashiyam. Yana aiki, na jiƙa shi na goga na ga yana rage wari har ma da ɗan damshi, kuma bai ƙona ni ba, amma bai kamata a sayar da shi da sunan da ba nasa ba. Haka nan tsoratar da mu da ta yi cewa rol-on na kanti yana jawo sankarar mama: binciken likitoci bai tabbatar da hakan ba, kuma kayanta suna da kyan da ba sa bukatar a tallata su da tsoro. A ɗaya ɓangaren na yaba mata da ta hana mu goga lemun tsami, al'adar da ta yaɗu a tsakaninmu, domin shi ma yana ƙona fata, ta kuma ja kunnenmu a kan man kanumfari da na kirfa, waɗanda ɗigo kaɗan ya wuce kima sai su yi ɓarna.

Game da ajiya, tun da babu ruwa a cikin haɗin ba ya saurin lalacewa, muddin ba a sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki ba. Gwangwanina na biyu ya kai wata biyu bai canza wari ba. Biyu daga cikin waɗanda muka yi ajin tare sun zo ne da niyyar sana'a, kuma Hajiya ta gaya musu gaskiya cewa kayan shafa da za a sa a kasuwa suna bukatar rajistar NAFDAC, ba kamar wanda mutum ya haɗa don kansa da iyalinsa ba.

Zan tura 'yar'uwata wannan aji, amma da sharaɗi. Ta je don ta koyi awo da narkarwa da dabarar kakin zuma, waɗanda da wuya ta same su a tsare haka a wani wuri. Idan ta dawo ta fara da rubu'in sodar da aka faɗa, ta gwada a cikin damtsenta kwana biyu kafin ta kai hammata, kada ta shafa a ranar aski, kuma idan ta ji raɗaɗi ta wanke ta dakata, ko da an ce mata ta daure. Wadda take da kirci ko wata lalurar fata, ko wadda warin jikinta ya canza farat ɗaya ba tare da dalili ba, asibiti ya kamata ta fara zuwa. Ni dai yanzu na gida nake shafawa a ranakun aiki, na kuma ajiye kwalbar rol-on ɗaya a jaka saboda ranar biki.