Dillalin inshorar da ya tambaye ni har rim da tint

Masu motoci a Kano, ga ra'ayina kan wani ofishin dillalin inshora a Zoo Road, ba talla nake musu ba. Babbar inshora na je yi, wadda ke biyan har ɓarnar motarka, ba ta naira 15,000 ɗin nan da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta ƙayyade tun Janairun 2023 ba, wadda wanda ka buge kawai take biya.

Abin da ya burge ni, ma'aikaciyar ba ta yi saurin karɓar kuɗi ba, fita ta yi ta zagaya motar tana tambaya, Alhaji wannan rim ɗin na kamfani ne? Tint fa, da sifikun da ke but? Duk ta rubuta a fom ta ɗauki hoto. Ta ce komai ƙanƙantar abin da ka sa wa motarka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa faɗe shi, don ranar da tsautsayi ya faɗa kamfani zai iya cewa ka ɓoye ya ja maka rai, ko kuma ya lissafa kuɗin rim na asali ba naka mai tsada ba. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas na CNG kuwa shi dole ma ya sanar, tukunyar gas ce fa a but.

Ɗan ƙari aka yi min saboda rim da sifiku, tint ba a ƙara komai ba. Matsalarsu jira, netwok ya yi ta wasa da mu, sai bayan la'asar lambar motata ta fito a NIID, rumbun bayanan da ake duba motocin da ke da inshora. Wajen fakin ma wahala.