Yinin da muka yi a tsakiyar Istanbul ba shiri

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya ƙafar Inna? Ranar Talatar da ta wuce muka fita da sassafe ni da maigida kan maganar takardun zama, aka ce mu dawo wani satin. Ya riga ya karɓi hutun yini a wurin aiki, maƙwabciyata kuma ta yarda ta ɗauko yara daga makaranta, sai ya ce tunda an fito a ƙarasa cikin gari kawai. Ko gorar ruwa ba mu riƙe ba.

Abin da ya sa mutum zai iya irin wannan fitar a nan shi ne kati guda da ake kira Istanbulkart. Kina zuba masa kuɗi a na'ura, da shi za ki shiga bas, jirgin ƙasa, har jirgin ruwa. Ba ciniki da direba, ba rigimar canji, ba "Hajiya ƙara ɗari, mai ya hau". Daga ɓangarenmu na Esenyurt muka hau Metrobus, doguwar motar da aka ware wa hanyarta ita kaɗai a tsakiyar titi, tana wuce cunkoso abinta. Sai dai matsin cikinta ya fi ƙarfin bayani, a tsaye na yi yawancin tafiyar.

Jirgin kan titi ya sauke mu a bakin babbar kasuwar nan mai rufi, wadda aka fara ginawa zamanin Sultan Muhammad Fatih bayan ya ci garin a 1453. Shaguna kusan 4,000 ne a ciki. Kallo kam ido ya sha: fitilu, dardumai, jerin shagunan gwal da ake sayarwa da awo. Amma farashin na baƙi ne. Mai shago zai kira ki, ya zaunar da ke, ya aika a kawo shayi, sannan ya yanka miki kuɗin da sai kin riƙe baki. Na taya wani mayafi rabin kuɗinsa, ya sallama ba gardama, nan take jikina ya yi sanyi na ajiye masa abinsa.

Inda mutanen gari suke sayayya shi ne Mahmud Pasha, gangaren da ke bayan kasuwar. Nan ne wurinki, Yaya. Tawul, zanen gado, labule, kayan jarirai, abaya, ɗinkinsu a tsare yake, kin juya ciki ba zare ko ɗaya da ke reto. Auduga ce tasu, masaƙu ma nasu, shi ya sa. Atamfa da shadda kuwa kada ma ki nema, Kwari ta yi musu nisa. Kuma abin da muka raina a gida, wato ki kai wa tela yadi ya auna ki ya ɗinka miki son ranki, a nan sai mai hali. Kowa ɗinkakke yake saya, in ya yi miki tsawo ki biya kuɗin ragewa daban.

Azahar ta same mu a masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557. Girman ginin ban iya kwatanta miki ba, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an yi tunanin mace. Ga bayan gida mai ruwa, ga wurin alwala, ga ledar saka takalmi a ƙofa, ga sashenmu da shimfiɗa mai tsabta. Ki tuna wahalar da muke sha in sallah ta kama mu a kasuwa, sai an roƙi wani mai shago buta da lungu.

A jikin masallacin akwai jerin masu abinci da suka yi suna a wake. Fari ne manya-manya, an dafa shi luguf cikin miyar tumatir da man shanu, ga shinkafa a gefe, burodi kuma a kwando ba a ƙirga miki. Ya yi daɗi, amma salam yake. Maigida ya juye rabin barkonon da ke kan tebur bai ji komai ba, yana ta kewar garau-garau da yaji.

Kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu ba mu daɗe ba. Dabino, zuma da habbatus sauda ba laifi. Na dai yi dariya da na ga zoɓo an zuba shi a kwalba ana sayarwa da cokali, kuɗin ɗan ƙulli zai cika miki kwano a Dawanau.

Da la'asar muka shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar. Da katin nan dai, kuɗin bai fi na bas da wani abu ba, minti ashirin bai cika ba mun bar Turai mun shiga Asiya. A ciki ana sayar da shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, baƙi ba madara, da simit, burodin nan mai zagaye da riɗi. Mutane na gutsura suna wurga wa tsuntsayen ruwa, suna cafewa a sama. Dawowa ta ƙarƙashin teku muka yi, a jirgin Marmaray da aka buɗe a 2013.

Tasi ce kawai ta ɓata mana rai. Ƙafata ta gaji, muka tsayar da wata, direban ya ga baƙar fata ya ce mitarsa ta lalace, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Muka fita muka koma layin bas.

Maganar labulen auren Ummi kuwa, ki turo awon tagogi da wuri. Kuɗinsu na lira kullum faɗuwa yake yi, farashin da aka gaya mini yau ba lallai in same shi wata mai zuwa ba. In an samu mai tahowa, a haɗo mini yaji da daddawa.