Wasan fiza ko dara?

'Yan fada, wato majalisar shan shayi, a Yamai sun yi ta tambayata: a sayo wasan fiza ɗin nan na kwali, ko a riƙe dara?

Na fiza ba ya wahalar da kai. Kowa na tara katunan tumatir, albasa da cuku har faifansa na fiza (burodi mai faɗi da ake zuba wa waɗannan kayan) ya cika, mutum huɗu sai su gama kafin shayi na biyu ya sauka. Sai dai daga waje ake kawo shi, da tsada, kuma kati ɗaya ya ɓace, wasa ya gurgunce.

Dara kuwa gurbi 30 ne a ƙasa, 'ya'ya 12 kowa, ba ko dala. Ni ita nake ƙauna, amma ta mutum biyu ce, kuma gwani ba ya raga wa sabon shiga.

Mai tara yara da baƙi ya sayi na fiza. Mai neman gwada basira da aboki ya haƙa gurbinsa.